Wanda Ya Wanke Allo Shi Ke Da Alhakin Rubutawa

Ɗan ƙanwata da ke zaune a Buza yana da wata kwamfutar hannu ta gwanjo, wadda yayansa ya aiko masa da ita daga wurin cin rani a Abijan, kamar yadda galibin irin waɗannan kaya ke shigowa ƙasar Adar. Da rana yana karatu da ita, da dare kuwa shi da abokansa su kewaye ta suna buga ƙwallon PES ta cikin manhajar nan mai suna PCSX2, wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi akwatin wasa na PlayStation 2. Da ta fara nauyi wajen tashi, sai ya ɗauke ta ya kai wa wani mai gyara a Madawa, shi kuwa ko tambayarsa bai yi ba game da abin da yake yi da ita, ya yi mata abin da suke kira fomatin, wato ya shafe duk abin da ke cikinta ya zuba sabuwar Windows. Yaro ya koma gida da murna, ya kunna wasa, sai ga ƴan ƙwallo suna tafiya kamar masu ratsa fadamar Majiya da damina, muryar mai sharhi tana ja tana yankewa. Ya kira ni ya ce, "Kawu, an kashe mini ita."

Ba a kashe ta ba. An fara aiki ne aka bar shi a tsakiya, kuma a kan wannan ɗabi'a ta barin aiki a tsakiya nake so in yi magana, domin na ga ta zama ruwan dare daga Madawa har Keita.

Ya kamata mai karatu ya san cewa irin wannan manhaja tafinta ce. Akwatin PlayStation 2, wanda kamfanin Sony na Japan ya fitar a shekarar 2000, yana da ƙwaƙwalwa mai harshenta na musamman wanda kwamfutocinmu ba sa ji, saboda haka dole manhajar ta fassara kowane umurni nan take, alhali wasa na gudana, ta kuma zana hoto sau 50 ko 60 cikin daƙiƙa guda. Duk wanda ya taɓa tsayawa tafinta tsakanin likita da majinyaci ya san fassara ta fi maganar kai wuya. Shi ya sa kwamfutar da ta ninka akwatin nan ƙarfi sau da yawa take iya gazawa da zarar an rage mata kaɗan daga abin da take dogara da shi.

To, me wannan wanki na fomatin ke ragewa? Babban abu shi ne ƴar manhajar da ake kira direba, wadda ke sanar da Windows yadda za ta yi aiki da sashen zana hoto, ko na Intel ne, ko na AMD, ko na Nvidia. Sabuwar Windows, idan ba ta sami wannan direba ba, takan saka wani na wucin gadi, wanda ya isa a ga rubutu a allo amma ba ya taɓa ƙarfin sashen hoto ko kaɗan, sai dukan nauyin zane ya koma kan ƙwaƙwalwar da tuni fassara ta sha mata kai. Tun da kwamfutocinmu na Nijar da Faransanci suke magana, mai son tabbatarwa ya buɗe Gestionnaire de périphériques ya duba sashen katin hoto. In ya ga an rubuta Carte vidéo de base Microsoft, ya kama ɓarawonsa. A ƙasashen da intanet ke kwana a kunne, Windows da kanta take jawo direban cikin dare ba wanda ya sani. Mu kuwa da ke sayen intanet da awo ta wayar hannu, muna kashe ta don kada ta cinye mana kuɗi, sai kwamfuta ta yi wata shida tana ɗingishi mai ita yana zaton tsufa ne.

Bayan wannan akwai ƙananan sabubba waɗanda in sun haɗu sukan zama babba. Wanki yana mayar da tsarin shan wuta zuwa na matsakaici, wanda ke rage gudun ƙwaƙwalwa musamman in ba a jona caja ba. Kwamfutar da ke da katin hoto biyu takan miƙa wasan ga ƙaramin, sai an umurce ta ta ba babban. Saitin da mai ita ya daɗe yana gyarawa cikin manhajar ya tafi tare da wankin, dole a sake zaɓar hanyar zane, Vulkan ko Direct3D ko OpenGL, a gwada wadda ta dace, a kuma mayar da girman hoto zuwa na asali maimakon ninki uku. Akwai kuma abin da samari ba sa la'akari da shi: wanda ke amfani da tsohon bugu na PCSX2, irin 1.6 na shekarar 2020, in an wanke masa sai ya nemo sabo, alhali bugu na 2.0 da ya fito a Yulin 2024 an gina shi ne da tunanin injuna na baya-bayan nan, kuma ba ya aiki a kan Windows 7.

Sauran kuwa daga ƙasarmu yake. Ƙurar hunturu tana toshe fankar ciki, zafin bazara yana wuce awo 40 a inuwa, ƙwaƙwalwa kuma an ƙera ta ne ta rage gudu da kanta in ta doshi awo 100 don kada ta ƙone. Saboda haka wasan da ya fara lafiya ya lalace bayan minti goma, zafi ne, ba direba ba, maganinsa a buɗe a share a sake man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ta, a daina ɗora ta kan katifa. Wutar kamfanin NIGELEC ma ba ta da tabbas, mun kuwa ɗanɗana haka sosai tun daga Agustan 2023 da Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu na tsawon watanni, har mutane suka koma ga batir da hasken rana da caja ta jabu. Wasu kwamfutocin Dell, in ba su gane cajar da aka jona musu ba, da gangan suke rage gudu.

Ra'ayina shi ne, mai gyaran da ya karɓi kuɗin fomatin ya miƙa kwamfuta ba direba bai cika amana ba, ko da bai yi nufin ha'inci ba. Ƙaramin almajiri in an wanke masa allo ba a sallamarsa sai an rubuta masa darasi. Na san uzurin masu gyara, kuma uzuri ne na gaskiya: direba ɗaya na Nvidia yana kai ɗaruruwan megabait, kuɗin da ake ba su bai taka kara ya karya ba, masu kaya kuma suna tsaye a kansu suna gaggawar samun motar Keita kafin la'asar. Amma direbobin nan ana sauke su sau ɗaya a ajiye a filash, kwamfutocin da ke yawo a kasuwanninmu kuwa ƴan iri kaɗan ne na HP da Dell da Lenovo. Abin da ya fi wannan wajaba ma shi ne a bincika kafin a wanke, domin kallo ɗaya a Gestionnaire des tâches yakan nuna ko wata manhaja ce ke cinye ƙarfi, ko faifan ajiya ne ya gaji, ciwon da fomatin goma ba za su warkar ba.

Na san akwai dattawan da za su ce malam ya ɓata tawada a kan lahawu. Ina girmama damuwarsu, ni ma ba na son yaro ya bar salla ko karatu don ƙwallon allo. Sai dai direban da wasa ke bukata shi ne wanda darasin bidiyo ke bukata, da aikin zane, da haɗa hotunan biki da wasu samarinmu ke ci da shi. Wasan kawai ya fi saurin tona asirin aikin da ba a gama ba. Ga shi kuma kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, yawancin tsofaffin injunanmu kuwa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, don haka wanke-wanke zai ƙaru nan gaba, bukatar masu gyara na ƙwarai ma haka.

Ɗan ƙanwata dai bai koma Madawa ba. Ta waya na bi da shi mataki-mataki, ya sauke direban Intel cikin dare, ya sauya tsarin wuta, ya mayar da hoto girman asali, ya sa aka hure masa ƙurar fanka. Manhajar tana nuna gudun wasa da lissafin kashi cikin ɗari. Ya ce mini da fari tana ƙasa da rabi, yanzu ta tsaya a ɗari. Makon da ya wuce ya gaya mini abokansa biyu sun kawo masa nasu, ya kuma sayi filash yana tara direbobi a ciki.