Da sunan Nijar aka yi ƙaryar 2003

Jama'a, duk lokacin da muka ji a rediyo ana cewa a yi wa wata ƙasa ruwan bama-bamai don kar ta mallaki makaman ƙare dangi, mu ƴan Nijar sai mu tuna 2003. Takardu aka fito da su, wai ƙasarmu ta yarda ta sayar wa Saddam Husaini tan 500 na uraniyom. A watan Janairu shugaba Bush ya kawo zancen uraniyom ɗin Afirka gaban majalisar Amurka. Ranar 7 ga Maris, Muhammad al-Baradai, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu takardun jabu ne. Wata wasiƙar ma da sa hannun Allele Habibu a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar kujerar tun 1989! Ba a cika sati biyu ba aka afka wa Iraƙi. Bam ko ɗaya ba a samu ba.

To, me sauran shugabanni suka koya? Gaddafi ya watsar da shirinsa a ƙarshen 2003, aka yi ta tafa masa. A 2011 jiragen NATO suka taimaka aka kifar da shi, makaman rumbunansa suka malalo Sahel, mu ne muke binne gawarwaki har yau. Koriya ta Arewa kuwa ta fice daga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman, ta gwada bam a 2006, babu wanda ya taka mata ƙasa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai kowa ya san abin da ake yi.

Iran ta sa hannu a 2015, masu bincike suna shiga suna fita. Trump ya yi fatali da yarjejeniyar a 2018, a Yunin 2025 ya kai hari Fordo da Natanz. Isra'ila, wadda ba ta taɓa shiga yarjejeniyar hana yaɗuwar ba, ba a ce mata kangararriya.

Kar a ce muna goyon bayan bam. Faransa ta tayar da nata na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a 1960, a bayan gidanmu ke nan. Muna so a rabu da shi baki ɗaya. Afirka ta Kudu ta wargaza nata guda shida, kuma babu jirgin yaƙin da ya tilasta mata.