A Dasa wa Dorugu Lambu a Toranke

A garin Bixby na jihar Oklahoma, can Amurka, akwai wani lambun jama'a da aka cika da itatuwa iri iri domin tunawa da marubuci Washington Irving, wanda ya ratsa wannan daji a 1832, ya rubuta littafi a kan tafiyar. Mu ma muna da namu matafiyin, sai dai ɗalibai nawa ne a cikinmu suka san sunansa?

Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta, Bature Overweg ya 'yanta shi a Barno. Ya bi Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, har Timbuktu, ya kuma tafi da shi Ingila a 1855. A can ya zauna da Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da Hausa tsantsa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Ya rasu a Kano a 1912. Barth dai an rubuta tarihinsa har an gaji. Bahaushen da ya kalli Landan da idon Bahaushe kuwa an bar shi a baya.

Ra'ayinmu shi ne a yi masa lambu, kuma kada a yi shi a birni. Mun ga yadda filin jama'a yakan wayi gari ya zama shaguna. A kai shi gabas, nahiyar Gaya da Ajingi, inda fatake suka saba bi zuwa Barno, a nemi fili a Toranke. Can ne ake bukatar inuwa: gatarin masu itace da gawayi ya rage ɗorawa da kanya da tsamiya, gawo ma da manomi yake so a gonarsa bai tsira ba. A dasa waɗannan da kuka da marke, a rubuta wa kowace sunanta da amfaninta, yaran firamare su koya.

Dashe ba wuya, ban ruwa a rani da tsare awaki su ne aikin. Saboda haka muna roƙon Ƙaramar Hukumar Ajingi ta ware fili da shinge da rijiya, dagaci ya sa ido, ma'aikatan gandun daji su ba da iri. Mu ɗalibai 'yan yankin, hutun damina ya ishe mu haƙa ramuka.