Cire Iskar Birki a Gida: Ilmi Kafin Sufana

Duk wanda ya taɓa zama a garejin makanikai ya san wannan kira: "Taka! Riƙe! Saki!" Maigida yana kwance a gindin taya da sufana a hannu, yaronsa kuwa yana cikin mota yana taka fedar birki. Abin da suke yi shi ne cire iskar da ta shiga bututun birki. A zamanin nan da kuɗin gyara ya yi tsada, masu motoci da dama sun fara tunanin yin wannan aiki da kansu a ƙofar gida, ba tare da mataimaki ba. Wasu na ganin hakan ganganci ne, wasu kuma na ganin ba komai ba ne illa kwance noti da ɗaure shi. Gaskiyar magana ita ce aikin yana yiwuwa, kuma sanin sa abu ne mai amfani, amma bai halatta ga wanda bai fahimci dalilin kowane mataki ba, domin kuwa rayukan mutane ne ke rataye a kan wannan ɗan noti.

Yadda birki yake aiki

Tushen al'amarin yana cikin darasin kimiyyar da ake koyarwa a makarantun sakandare. Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, ya bayyana cewa idan aka danna ruwan da ke cikin rufaffen mazubi, matsin yakan isa kowane sashe nasa ba tare da raguwa ba. A kan wannan ƙa'ida aka gina birkin mai, wanda aka fara sanyawa a motocin sayarwa a Amurka a farkon shekarun 1920. Idan direba ya taka feda, sai fistin ɗin babbar silinda, wadda makanikai ke kira masta, ya tura man birki cikin siraran bututu zuwa tayoyi huɗu. A can wasu fistin suke danna takalmin birki a jikin ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Alal misali, idan faɗin fuskar fistin ɗin taya ya ninka na masta sau biyar, to ƙarfin da zai fito a can zai ninka sau biyar. Ta haka ne ƙafar mutum guda take tsayar da motar da ta fi tan ɗaya nauyi.

Sai dai duk wannan ya dogara ne ga abu guda: ruwa ba ya matsuwa sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, iska kuwa tana matsuwa. Robert Boyle ya nuna a 1662 cewa idan aka ninka matsin da ke kan iska, girmanta yakan ragu zuwa rabi, muddin zafinta bai sauya ba. Saboda haka idan kumfar iska ta shiga bututu, motsin ƙafar direba yakan ƙare wajen matse kumfar, kafin ƙarfin kirki ya kai ga taya. Alamar hakan ita ce feda ta yi laushi kamar soso, ta yi nisa kafin birki ya kama, ko kuma sai an taka sau biyu ko uku.

Ɗalibin ilmin halittu ba baƙo ba ne ga wannan matsala. Ma'aikaciyar jinya takan ɗaga sirinji sama ta ƙwanƙwasa shi ta fitar da iska kafin ta yi allura a jijiya, domin iska mai yawa a magudanar jini tana iya toshe hanya. A lokacin fari, kumfar iska kan shiga siraran bututun da ke ɗaukar ruwa daga saiwar bishiya zuwa ganye, sai reshe ya bushe. Gizo-gizo kuma da matsin ruwan jikinsa yake miƙe ƙafafunsa, shi ya sa idan ya mutu suke naɗewa. Doka ɗaya ce ke aiki a jikin halitta da jikin mota.

Man birki ba kowane mai ba ne

Yawancin motoci suna amfani da nau'in da ake rubuta wa DOT 3 ko DOT 4 a jikin gwangwani. Ƙa'idar ingancinsu ta tanadi cewa sabon DOT 3 ba zai tafasa ba sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, DOT 4 kuwa digiri 230. Amma waɗannan nau'o'i suna tsotsar danshi daga iska. Idan ruwan da suka sha ya kai kusan kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin yakan faɗo zuwa digiri 140 da digiri 155. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos, inda direba ke yawan taka birki, zafi yakan taru, tsohon mai ya tafasa, tururi ya cika bututu. Tururi kuwa ɗan'uwan iska ne wajen matsuwa, sai feda ta tafi ƙasa a daidai lokacin da ake matuƙar bukatar ta. Wannan ne ya sa kamfanonin ƙera motoci da yawa suke ba da shawarar a sauya man duk bayan kimanin shekara biyu. Daga nan kuma za a gane haɗarin zuba ruwan sabulu a madadin man birki, domin ruwa yana tafasa a digiri 100, yana kuma sa tsatsa. Baƙin man inji shi ma haram ne a nan, domin yana kumbura robobin da ke hana yoyo. Nau'in DOT 5 kuwa haɗinsa daban ne, ba a cakuɗa shi da sauran.

Yadda mutum ɗaya yake yin aikin

Dalilin da ya sa bakanike ke bukatar yaro shi ne, idan aka saki feda alhali notin fitar da iska yana buɗe, iska za ta koma ciki. Mai aiki shi kaɗai yakan magance wannan da siririn tiyo mai haske da kwalba mai tsabta. Zai tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, ya kashe inji, ya tokare tayoyi, ya ɗaga ta, sannan ya ɗora ta a kan ƙaƙƙarfan matokari, domin jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. Zai cika ɗan tankin man birki da sabon mai irin wanda aka rubuta a murfinsa. Sai ya zura bakin tiyo a kan notin, ɗaya bakin kuma ya nutsar da shi cikin man da ya zuba a kwalbar, ta yadda in an saki feda, mai ne zai koma ba iska ba. Daga nan ya sassauta notin kamar rubu'i ko rabin zagaye, ya shiga mota ya taka feda a hankali, ya sake ta a hankali, sau biyar ko shida, ba tare da ya kai ta ƙasa ƙurmus ba, don kada robar tsohuwar masta ta yage. Zai fito ya duba tiyo, ya ƙara mai a tanki, ya maimaita har kumfa ta ƙare, sannan ya ɗaure notin kafin ya cire tiyo.

A bisa al'ada ana farawa ne da tayar da ta fi nisa da masta. A motar da sitiyarinta ke hagu, wannan na nufin bayan dama, bayan hagu, gaban dama, sannan gaban hagu. Wasu motoci suna da nasu tsari, don haka littafin motar ne alƙali. Babban kuskure shi ne a bari tanki ya ƙafe ana cikin aiki, domin sabuwar iska za ta shiga, aiki ya koma baya. Man da aka fitar ba a mayar da shi. Guba ne, yana kuma ɓata fenti, don haka a rufe shi a ajiye inda yara da dabbobi ba za su kai gare shi ba.

Hujjar masu adawa

Masu cewa a bar aikin ga makanikai suna da gaskiyarsu, kuma ya kamata a saurare su. Na farko, iska ba ta shiga birki haka kawai. Ko dai an kwance wani sashe wajen gyara, ko mai ya yi ƙasa ƙwarai, ko kuma akwai yoyo. Wanda ya cire iska bai nemo ta inda ta shiga ba, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Na biyu, idan aka danne feda ta riƙa nutsewa sannu a hankali, to alama ce ta yoyo ko lalacewar robar masta, kuma cire iska ba zai warkar da hakan ba. Na uku, motocin da ke da na'urar hana taya ƙullewa, wato ABS, idan iska ta shiga cikin na'urar, sau da yawa sai an haɗa motar da kwamfutar gwaji kafin ta fita. Haka nan notin da ya yi tsatsa yana iya karyewa a hannun mai garaje. A duk waɗannan halaye, gareji ne ya dace.

Amma wannan hujja ba ta nuna cewa jahilci ya fi ba. Mai motar da ya san waɗannan abubuwa, ko da bai taɓa riƙe sufana ba, zai lura da alamun matsala da wuri, zai tambayi irin man da aka zuba masa, kuma ba zai yarda a ce masa "je ka, zai gyaru a hanya" ba. Wanda ya yi aikin da kansa kuwa, wajibi ne ya gwada: ya danne feda na kimanin daƙiƙa talatin ya tabbatar ta tsaya cak, ya duba kowace taya ko akwai ɗigo, sannan ya jarraba birkin da ƙaramin gudu a fili inda babu mutane. In akwai ɗan kokwanto, kada motar ta hau titi.

Kira ga malamai

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 1.19 suke mutuwa a haɗuran hanya kowace shekara. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ba za ta iya leƙa bututun kowace mota ba. Saura aiki yana hannun makaranta. Malamin kimiyya ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada. Sirinji biyu marasa allura da ɗan tiyo sun isa. A cika su da ruwa, ɗalibi ya danna ɗaya ya ga ɗayan ya motsa nan take. Sannan a shigar da kumfar iska, a sa wani ya riƙe na biyun, ya sake dannawa ya ji yadda laushi ya maye gurbin ƙarfi. Yaron da ya ji wannan bambanci da yatsansa, gobe in ya zama direba ko bakanike ko fasinja, zai san abin da feda mai laushi take nufi, kuma zai nemi a tsaya a duba kafin a kai gangara.