Wa Ya Bi Sawun Ma'aikatan Asibiti Bayan An Yi Musu Allura?

A ranar 2 ga watan Maris na 2021 ne jirgin sama ya sauka a Abuja ɗauke da kashin farko na allurar rigakafin cutar korona, kusan miliyan 4, ta kamfanin AstraZeneca. Bayan kwana uku aka ƙaddamar da yin ta a Asibitin Ƙasa da ke Abuja, kuma wani likita ne, Dakta Cyprian Ngong, aka fara yi wa. Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, sai washegari aka yi masa tasa. Sa ma'aikatan asibiti a gaba da aka yi daidai ne, domin kuwa su ne ke shaƙar numfashin majinyata dare da rana. Amma akwai wani hakki da ke biye da wannan, wanda a ganina ba mu sauke shi yadda ya kamata ba, watau komawa a tambayi waɗannan bayin Allah abin da allurar ta yi wa jikinsu.

Masu karatu, kafin a yarda da sabuwar allura akan gwada ta a kan dubban mutane, sa'an nan a san illolinta na yau da kullum, kamar ciwon dantse da zazzaɓi da kasala da ciwon kai, waɗanda kan wuce cikin kwana biyu ko uku. To, amma illar da ba ta kama sai mutum ɗaya cikin dubu hamsin ko dubu ɗari, da wuya gwaji ya nuna ta. Sai allurar ta shiga jikin jama'a masu ɗimbin yawa sa'an nan ta bayyana, shi ma ɗin in akwai mai lura. Saboda haka waɗanda aka fara yi wa su ne idon sauran al'umma, ga shi kuwa a wannan karon masu ilmin aikin lafiya ne, waɗanda suka san bambancin ciwon kai na gajiya da ciwon kai mai ban tsoro.

Abin da ya faru a ƙasar Norwe, cikin watan nan dai na Maris, kuma da irin allurar nan da muka karɓa, ya isa misali. A ranar 11 ga wata ƙasashen Danmak da Norwe suka dakatar da yin allurar saboda rahotannin daskarewar jini. Cikin 'yan kwanakin nan aka kwantar da ma'aikatan lafiya biyar a asibitin Jami'ar Oslo, masu shekaru 32 zuwa 54, dukansu kwana bakwai zuwa goma bayan allurar farko. Likitoci suka ga abin da ba su saba gani ba: jini yana daskarewa a jijiyoyi, musamman na ƙwaƙwalwa, alhali kuwa ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini sun ragu ƙwarai. Uku daga cikinsu suka rasu. Da yake hukuma ta san cewa mutanen da aka yi wa allurar a ƙasar sun ɗan haura 130,000, nan da nan aka iya auna girman haɗarin. Kafin wata guda ya cika an gano yadda ciwon ke aukuwa da hanyar maganinsa, kuma a ranar 7 ga Afrilu hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta sa shi cikin illolin allurar da ba safai ake gani ba. Ingila ta ce a ba 'yan ƙasa da shekara 30 wata allurar dabam. Wannan bai mai da allurar guba ba, don ta ceci rayuka masu yawa a duniya. Abin lura shi ne, an san wa aka yi wa, da ranar da aka yi masa, da abin da ya same shi daga baya.

Mu a nan gida ba za a ce ba a yi kome ba. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta fito da manhajar wayar hannu mai suna Med Safety don kai rahoto. A tsakiyar watan Afrilu na 2021 kuma Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko, wadda Dakta Faisal Shuaib ke shugabanta a lokacin, ta bayyana cewa cikin mutane kimanin miliyan ɗaya da aka yi wa allurar, an sami 8,439 masu ƙananan illoli, da 52 waɗanda nasu ya yi tsanani. Lalle an yaba da wannan bayani. Sai dai tsarin duka na zaman jira ne, a buɗe ƙofa a ce mai ƙorafi ya zo. Wanda ya san asibitocinmu ya san abin da kan biyo baya. Ma'aikaciyar jinya ta kwana da zazzaɓi, da safe ta sha farasitamol ta koma bakin aiki, domin in ba ta je ba babu mai riƙe ɗakin. Wani ya ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ya sayi magani a kemis. Wani kuwa yana tsoron kada manyansa su ce shi ne ke ɓata sunan shirin Gwamnati. Wanda ya daure ya cika fom, in bai ji amsa ba, ba zai sake cika wani ba. Ga kuma asibitin ƙaramar hukuma da ba shi da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ta yaya zai gane irin ciwon da aka gane a Oslo? Ƙarancin rahoto a irin wannan hali yana iya nufin allurar ba ta yi illa ba, yana kuma iya nufin ba a tambaya ba, kuma alƙaluman ba za su gaya mana wanne ne ba.

Bin sawun nan yana kuma wanke allura daga laifin da ba nata ba. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da taifot da hawan jini ke kwantar da mutane kullum, dole a sami wanda zai kwanta, ko ma ya rasu, kwana biyu bayan allura, ba don ita ba. In ba a bincika an faɗi dalili ba, to, zancen ya koma hannun masu majalisa da masu tura saƙon WhatsApp. Kada kuwa mu manta, maganar malamin asibiti a unguwarsu ta fi sanarwar rediyo nauyi. In ya ce wa maƙwabta shi kam ya sha wuya kuma babu wanda ya waiwaye shi, gida goma sun fasa.

Na san wasu jami'ai za su ce bayyana illoli yana tsorata jama'a, kuma gaskiya ne dakatarwar da Turawa suka yi ta sa mutane da yawa ja da baya. Amma labarin ai sai da ya iso mu, ko mun so ko mun ƙi. Mutanen da suka ga abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan a Kano a 1996, suka kuma ga yadda aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, ba za a shawo kansu da cewa kome lafiya lau kawai ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da zai kwantar masa da hankali shi ne a ce masa: mun yi wa ma'aikata kaza, mun bi su wata guda, ga abin da muka gani.

Aikin kuwa ba mai tsada ba ne, tun da sunan kowane ma'aikaci yana cikin takardar albashi. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya da na Sakkwato da na Maiduguri suna iya riƙe rajista, a rubuta lambar kwalbar da aka yi wa kowa, sa'an nan a tuntuɓe shi washegari, da bayan mako guda, da bayan wata, ko ya yi ƙorafi ko bai yi ba. Amurka ta yi haka ta hanyar saƙon waya. Ɗaliban likitanci da na jinya da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu suna iya ɗaukar rabin wannan aiki. Ya kamata kuma a riƙa raba ma'aikatan ɗaki guda kashi-kashi, kada zazzaɓi ya kwantar da su rana ɗaya, a kuma ba wanda ya kwanta hutunsa ba tare da an taɓa albashinsa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a ranar 5 ga Mayu na 2023, amma tun a ƙarshen 2024 aka sake kiran ma'aikatan lafiya sahun gaba don allurar ƙyandar biri. Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da na jihohi da su sa wannan rajista cikin kasafin kuɗinsu tun yanzu, su kuma wajabta wa kansu buga sakamakonta, da Hausa da sauran harsunanmu, cikin wata uku da fara kowace sabuwar allura.