Ana ta raba babura, wa zai buɗe kan wanda ya faɗi?

Jama'a ku yi haƙuri, yau rubutun da ɗan tsawo.

Ranar Lahadi, kasuwa na tsakiyar ci, wani ɗan kabu-kabu na unguwarmu ya yi karo da mota a hanyar Konni. Ya tashi da ƙafarsa, ya kakkaɓe riga, har yana tambayar ina babur ɗinsa. Kowa ya ce abin ya zo da sauƙi. Bayan la'asar ya fara amai, barci ya ɗauke shi, aka tada shi bai tashi ba. Kafin a haɗa kuɗin mota a wuce Gwadabawa da Kware a isa Sakkwato, rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa.

Wani likita ya yi min bayani daga baya. Jijiya ce ke tsinkewa cikin ƙoƙon kai, jini ya riƙa taruwa yana danne ƙwaƙwalwa a hankali. Shi ya sa mutum kan yi magana garau kafin ya sume. In aka buɗe kan aka kwashe jinin cikin 'yan awoyi, da yawa sukan tashi sarai. To wa zai buɗe?

Mu a nan har muna da sa'a, don asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, wadda Farfesa Bello Bala Shehu ya tsaya aka kafa. Amma ba mu kaɗai muke layi can ba. Kebbi na tahowa, Zamfara na tahowa, 'yan uwanmu na Nijar ma ta nan ƙofar Illela suke bi. Duk Najeriya, mutum sama da miliyan 200, likitocin wannan fanni ba su kai 200 ba. Wato likita guda na kallon mutum sama da miliyan ɗaya. Tun 1962 Farfesa Latunde Odeku ya fara aikin a Ibadan, kun ga inda muka kai cikin shekara sittin da ɗoriya. A duniya ma masana sun ƙiyasta a 2018 cewa aikin tiyatar ƙwaƙwalwa kusan miliyan 5 ne ba a samun yi kowace shekara, kuma yawancinsa a irin ƙasashenmu ne.

Yanzu ga inda za mu ɓata da wasunku. Mace ta farko da ta ƙware a tiyatar ƙwaƙwalwa a Najeriya, Dokta Salamat Ahuoiza Aliu, a ina ta koya? Nan Sakkwato, hannun Farfesa Shehu. Ta baro gida daga nesa ta zo har ƙofarmu ta ɗauki ilimin. Mu da cibiyar ke bakin hancinmu, ɗiyanmu mata nawa muka bari suka gama sakandare, balle a kai ga likitanci? Amma ranar da matarka ta kwanta, kai ne na farko mai ɗaga murya wai sai mace za ta duba ta. Daga sama za ta faɗo? Kada wani ya ce min aikin maza ne. Mafi yawan matan da ke wannan aiki a Afirka suna arewacin nahiyar ne, musamman Aljeriya, su ma da iyaye da mazaje kamar kowa.

Na san abin ba wasa ba ne. Shekara 6 a jami'a, sai sanin makamar aiki, sai bautar ƙasa, sannan kamar wasu shekara 6 na ƙwarewa. Wanda ya gama kuma Saudiyya da Ingila na miƙo masa hannu, ban ga laifinsa ba in ya tafi. Daidai nan ne ya kamata wakilanmu su shigo, su ɗauki nauyin yaro ko yarinya tun daga aji ɗaya, da yarjejeniyar dawowa gida aiki. Ina! Shekara sama da goma sha biyu ta fi ƙarfin mai lissafin zaɓe. Gara a jera babura a fili a ɗauki hoto, ko hular kwano ɗaya babu a kai.

Duk wanda ya zo neman ƙuri'a gidana bana, tambaya ɗaya zan yi masa: ɗalibin likitanci nawa ka biya wa kuɗin makaranta daga Illela, kuma mata nawa ne a ciki? Ya taho da sunayensu a rubuce.