Ramin tsakuwa a bayan gida: wa ya tambayi maƙwabta?

Maraɗi na faɗaɗa, gini kuwa na cin tsakuwa; babu mai musun haka. Amma in mazauna unguwa irin Zariya suka ƙi a haƙa rami a bayan gidajensu, hujja gare su.

Birnin nan ya san ruwa. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tashe shi daga kwari zuwa tudu, kuma a ƙarshen Agustan 2024 mamakon ruwa ya halaka aƙalla mutum 15 a cikinsa. Ramin da aka yashe aka watsar kududdufi yake komawa da damina: sauro ya samu gida, yara su nutse, bakinsa ya yi ta zaizayewa har gindin katanga. Mai tifa dai ya riga ya ƙirga ribarsa.

Dokar Mayun 2018 ta tanadi binciken illa ga muhalli da jin ta bakin jama'a. Sai dai an rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, babu kansilan da za a kai wa kuka. Wajibi ne kantoma ya nemi a karanta rahoton binciken a bainar jama'a kafin a sari ƙasa, ko da ramin gonakin Jiratawa ko Tibiri aka tura shi.