SHARHI: Amana ba ta ginuwa a ranar zaɓe kaɗai, jami'o'i na da sauran aiki

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum fiye da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fito kaɗa ƙuri'a ba su kai kashi 27 cikin 100 ba. Wannan shi ne adadi mafi ƙanƙanta tun 1999, kuma alama ce ta yadda talaka ya yanke ƙauna daga hukuma.

Tun 2011, lokacin da Farfesa Attahiru Jega ke shugabantar INEC, aka riƙa ɗauko shugabannin jami'o'i da farfesoshi su tattara sakamako su bayyana shi, bisa zaton cewa jama'a sun fi yarda da malami. Sakamakon ya zo da hawa da gangara. A 2023 Farfesa Nnenna Oti ta sha yabo kan tsayin dakan da ta yi a zaɓen gwamnan Abiya. Amma a 2021 kotu ta ɗaure Farfesa Peter Ogban shekara uku kan murɗiyar sakamako a Akwa Ibom. Ashe aron mutuncin malami na kwana ɗaya bai isa ba.

Aikin da ya fi ɗorewa yana tsakanin zaɓe da zaɓe. Gidan Mambayya da ke Gwammaja, tsohon gidan Malam Aminu Kano wanda Jami'ar Bayero ta mayar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, ya daɗe yana tara 'yan siyasa, ƙungiyoyin farar hula da matasa a zaure ɗaya. Amfanin irin wannan zaure shi ne ba na wata jam'iyya ba ne, kowa zai iya shiga ya faɗi albarkacin bakinsa.

Buƙatar ta ƙaru bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai-tsaye. Ko da an aiwatar da shi yadda ya kamata, wa zai koya wa mutanen mazaɓa karanta kasafin kuɗi, su tambayi ina aka kwana kan rijiyar burtsatse ko asibitin sha-ka-tafi?

Nan ne Abuja ke da rawar takawa. TETFund na iya ware kaso ga irin waɗannan tarurruka, hukumar NUC kuma ta sa hidimar al'umma ta yi nauyi wajen auna jami'o'i. Sai dai jami'ar da aka rufe wata takwas a yajin aikin 2022 ita ma tana buƙatar gwamnati ta cika mata alkawari, kafin ta iya shiga tsakani da bakin da za a saurara.